Sharar bakin teku: abin da aikin gayya ke iya kwashewa, da abin da ya fi ƙarfinsa

Wata Asabar, a wata ziyara da na kai wa dangi a unguwar Nima ta birnin Accra, ɗan gwaggona ya tashe ni bayan sallar asuba ya ce in taso mu tafi aikin gayya bakin teku. Gwaggo tana gindin murhu tana dama koko. Ta ɗago ta gan mu riƙe da buhuna da safar hannu, ta ce, "Kai 'ya'yan nan, yanzu teku za ku share?" Muka ce mata sai mun dawo, ta yi mana addu'a muka fita. Tambayar nan tata ta daɗe tana bi na, domin ita ce tambayar da ya kamata duk mai son wannan aiki ya tsaya ya amsa tsakani da Allah.

Inda muka sauka yana tsakanin Jamestown da bakin tafkin Korle, wurin da ruwan kogin Odaw ke ƙarasawa cikin teku bayan ya kwaso kwatocin rabin birnin, har da babban lambatun da ya ratsa Nima. Na zaci shara ce a saman rairayi, a sa manjagara a tattara. Ashe rairayin da sharar sun riga sun zama abu ɗaya. Ka sa shebur ka haƙa taki guda, leda ce. Ka ƙara haƙawa, wata ledar ce da ta fi ta tsufa. Na kama hannun wata riga da ya leƙo daga ƙasa na ja, sai ga shi ya sarƙe da wando, wandon ya sarƙe da tsohuwar koma, komar ta naɗe silifas da igiya, har sai da muka taru mu huɗu kafin muka fizgo abin, tsawonsa ya fi na mutum biyu. Wannan ragowar gwanjon kasuwar Kantamanto ne, kayan da aka kawo daga Turai da Amurka a dila-dila, waɗanda ba su sayu ba suka bi kwata. Abin da ya fi komai yawa kuwa ledar fiya wata ce, kowace da gurbin haƙori a kusurwarta inda mai ƙishi ya ɓula ya sha. Kafin azahar mun tara buhuna jibgi guda. Da muka juyo za mu tafi, ruwa ya fara cikowa, kowace igiya ta zo sai ta ajiye sabon layi na leda a daidai inda muka gama sharewa.

Wanda bai taɓa ganin wannan ba zai iya cewa aikin banza ne. Wanda ya karanta labarin Versova kuma zai iya cewa an samo maganin matsalar. Duka biyun sun yi gaggawa.

Versova wata gaɓar teku ce a birnin Mumbai na Indiya, tsawonta kimanin kilomita 2.5, masunta ke zaune a gefenta tun kaka da kakanni. A watan Oktoban 2015 wani lauya mai suna Afroz Shah da maƙwabcinsa Harbansh Mathur, dattijo ɗan shekara 84, suka fara fita duk ƙarshen mako suna kwashe shara da hannu. A wasu wuraren tulin ya haura ƙugun mutum. Su biyu suka fara. Shah ya riƙa bin gida-gida yana roƙon mutane, sannu a hankali 'yan makaranta suka shigo, masunta suka shigo, ma'aikatan hukumar birni suka kawo motocin kwasa, fitaccen ɗan wasan nan Amitabh Bachchan ya ba su tarakta da motar haƙa. Dattijo Mathur bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu ana tsaka da shi. A 2016 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Shah babbar lambar yabonta, ta kuma kira aikin sharar bakin teku mafi girma a duniya. Zuwa watan Mayun 2017, bayan mako 85, an kwashe shara sama da tan 5,000, rairayi ya fito fili. A watan Maris na 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku kusan 80 sun ƙyanƙyashe a wurin suna rarrafawa zuwa ruwa, abin da aka yi kusan shekara 20 ba a gani ba.

Nan ne galibin masu ba da labarin suke tsayawa, amma akwai saura. A watan Nuwamban 2017 Shah ya fito ya ce ya haƙura, ya daina. 'Yan iskan gari na zagin masu aikin, kuma sharar da suka tara ta daɗe jibge ba a zo an kwashe ba. Sai da babban ministan jihar Maharashtra na lokacin, Devendra Fadnavis, ya sa baki sannan aka koma. Kuma duk damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa na sake kwaso shara daga rafin Malad da magudanan unguwanni ya zube ta a gaɓar. Shi kansa Shah ya gane haka da wuri. Shi ya sa mutanensa suka shiga wanke banɗakunan jama'a na unguwannin da ke kusa, suna zama da mazauna bakin rafi kan yadda za su ware shararsu, daga baya kuma suka nufi kogin Mithi. Mutumin da ya fi kowa sanin sharar bakin teku, aikin ne da kansa ya tura shi ya bi ruwa zuwa inda ya fito.

Lissafin ba ya da daɗin ji, amma dole a yi shi. Wani bincike da Jenna Jambeck da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai roba tsakanin tan miliyan 4.8 da miliyan 12.7 ta shiga teku daga ƙasashen da ke gaɓa. A kan ɗauki tan miliyan 8 a matsayin tsaka-tsaki. Raba wannan da kwanakin shekara, za ka samu kusan tan 22,000 kowace rana. Ke nan abin da dubban mutane suka yi mako 85 suna kwasa a Versova bai kai abin da ke shiga teku cikin awa shida ba, ko da an ɗauka duk sharar roba ce. A gefe guda kuma masana'antu ba su tsaya ba: ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ce an ƙera roba tan miliyan 460 a 2019, ninki biyu na abin da aka ƙera a shekarar 2000, kuma kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Duk yawan masu gayya, ba za su iya tsere da wannan ba.

Akwai kuma tsada, wadda kalmar "sa-kai" kan ɓoye. A 2019 wata tawaga daga jami'ar Oxford da gidauniyar kula da tsibiran Seychelles suka je tsibirin Aldabra na ƙasar Seychelles, can yammacin tekun Indiya, mazaunin manyan kunkuraye, inda kusan babu mutane sai masu gadi da masu bincike. Cikin mako biyar suka kwashe tan 25, ciki har da silifas dubbai. Da suka zauna suka yi lissafi, aikin ya ci sama da dala 220,000, kusan dala 9,000 kan kowane tan, ga kuma fiye da tan 500 da suka ƙiyasta ya rage a tsibirin. Mafi nauyin abin da suka tarar kayan kamun kifi ne na manyan jirage: igiyoyi, taru, robobin da ake ɗaura wa koma. Seychelles ba ita ta zubar ba, amma a ƙofarta aka ajiye.

To me ya sa har yanzu nake ganin ya kamata a fita?

Dalili na farko yana cikin wata gora da na ɗauka a wannan safiyar ta Accra. Rana ta ƙona ta har ta yi fari. Ina matsa ta sai ta ruguje a hannuna kamar busasshen ganye, ɓarɓashinta ya zube cikin rairayi, ba yadda za a yi in tsince shi. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Farfashewa take yi. Kuma babu inda take farfashewa da sauri kamar bakin teku, inda zafin rana ke gasa ta, igiyar ruwa na gurza ta da rairayi dare da rana. Idan gutsuren ya gaza milimita 5 ya shiga sahun ƙananan ɓarɓashin da kifi da kaguwa da tsuntsaye ke haɗiya, wanda ba wata na'ura da za ta iya tace shi daga teku. Gorar da aka ɗauka yau tana cikakkiya, an hana ta zama gutsure dubbai baɗi. Binciken da aka yi kan yadda roba ke yawo a ruwa ya nuna cewa akasarin mai tasowa sama ba ta yin nisa a shekarun farko: tana gaɓa, ko tana kai-komo kusa da ita, ruwa ya ajiye ya dawo ya ɗauka. Mutane sun fi jin labarin tarin sharar nan na tsakiyar tekun Fasifik, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, amma nauyin abin da ke cikinsa, bisa ƙiyasin 2018, kimanin tan 79,000 ne, kusan rabi kuma tsofaffin komaye ne. Don haka mai buhu a bakin ruwa yana tsaye ne a wurin da ya fi sauƙin kama robar, kafin a kai ga hayar jirgi.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina, shi ne ƙidaya. A 1986 wata mata mai suna Linda Maraniss, ma'aikaciyar ƙungiyar da yanzu ake kira Ocean Conservancy, ta shirya sharar gaɓar jihar Texas ta Amurka. Mutum kusan 2,800 suka fito, suka kwashe tan 124. Abin da ya bambanta wannan fitar da sauran shi ne an ba masu aikin kati su rubuta duk abin da suka ɗauka: guntun sigari nawa, murfin kwalba nawa, leda nawa. Daga nan aka samu ranar sharar gaɓar teku ta duniya, wadda ake yi duk watan Satumba a ƙasashe fiye da 100, kuma har yau ana cike wannan kati. Shekara da shekaru guntun sigari ne ke kan gaba. Da yawa ba su san audugar da ke gindinsa roba ce ba. Daga baya ledojin kayan ciye-ciye suka zo suka sha gabansa.

Ƙidayar nan ce ta zama hujja a hannun masu yin doka. Da Tarayyar Turai ta tashi yin dokarta ta 2019 kan robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, ba ta yi shaci-faɗi ba: ta ɗauki abubuwa goma da aka fi tsinta a gaɓoɓin Turai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga Yulin 2021 aka hana sayar da cokula da faranta na roba, da tsinken zuƙar lemo, da tsinken goge kunne mai sandar roba, da mazuban abinci na soso. Daga Yulin 2024 kuma aka wajabta murfin gora ya zama a maƙale da jikinta, saboda murafu na cikin abin da aka fi tsinta. A Ingila, bayan an sa fene 5 kan kowace ledar manyan kantuna a Oktoban 2015, masu sharar gaɓa ne suka dawo da shaidar cewa ledar ta ragu sosai a bakin ruwa. Buhun da aka kwashe ba a ƙirga ba ya tsabtace wuri na mako guda. Wanda aka zazzage aka ƙirga, yana iya canza abin da masana'anta za ta ƙera baɗi.

A nan ne kuma nake da damuwa da yadda ake gudanar da yawancin irin wannan gayya. A fitar da na je, an raba mana riguna masu tambarin wani kamfanin abin sha, aka jera mu aka ɗauki hoto da buhuna a gabanmu. Ba wanda ya ƙirga komai. Da yawa daga gorunan da ke cikin buhunan nan tambarinsu ɗaya da na rigar da ke jikina. Abin ya tsaya mini a rai, kuma daga baya na gano tsohon salo ne. A 1953 jihar Vermont ta Amurka ta hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa. A wannan shekarar kamfanonin gwangwani da kwalba da abin sha suka haɗu suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda ta shafe shekaru tana koya wa Amurkawa cewa mai yar da shara a titi shi ne tushen matsalar. Dokar Vermont ba ta yi tsawon rai ba. Saƙon ƙungiyar kuwa ya zauna daram, har ya zagaya duniya. Ba ƙarya ba ne cewa mai yar da leda a kwata yana da laifi. Amma idan aka tsaya a kansa kaɗai, an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya yanke shawarar daina kwalbar da ake mayarwa ya koma gorar da ake yarwa, saboda ta fi masa arha, ya sauke wa jama'a da hukumar birni nauyin kwasar da a da shi ke ɗauka. Idan daga baya ya sayi safar hannu da riguna ya raba wa yaran makaranta su je su kwaso, kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Wasu masu aikin sun farga da wannan. Tun 2018 gamayyar ƙungiyoyin Break Free From Plastic ta ƙara layi ɗaya a katin ƙidaya: sunan kamfanin da ke jikin robar. 'Yan sa-kai a ƙasashe da dama suka riƙa rubutawa, shekara bayan shekara kuma Coca-Cola ke fitowa a sahun farko, PepsiCo da Nestlé da Unilever na kusa da ita. Hannun da ya tsinta ɗaya ne, buhun ɗaya ne, amma yanzu shara ta samu mai ita.

Mu da muka taso a lokacin lemon kwalba mun san wani abu game da wannan tun kafin masana su rubuta shi. In an aike ka sayen lemo, ko ka tafi da kwalba ko ka ajiye kuɗin kwalba, kuma ba yaron da zai yar da ita a hanya. Tsarin da Jamus ke bi ke nan har gobe da gorunan roba: santi 25 na yuro kan kowace gora, ka mayar a ba ka kuɗinka, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na dawowa. Ko a garuruwanmu, dubi abin da ke kwance a kwata. Gorar roba mai kyau ba ta cika daɗewa a ƙasa ba, domin mai zoɓo da mai kunun aya suna saye, 'yan gwangwan ma suna auna ta. Ledar fiya wata da baƙar leda da ledar biskit su ne ke zama, don sai ka tara tuli kafin su yi nauyin da zai ba ka kuɗin burodi, wasu ma ba mai sayensu ko kaɗan. Abin da ke da farashi ba ya isa teku da yawa. Kuma a nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da ba a cika faɗa ba: masu tsintar bola, miliyoyinsu a Indiya da Brazil da Ghana da Najeriya, su ne ke tattara fiye da rabin robar da ake sake sarrafawa a duniya. Kullum suke wannan aiki, ba safar hannu, ba riga, ba mai ɗaukarsu hoto, sau da yawa ma korarsu ake yi. Mai gayyar Asabar ɗaya a wata bai kamata ya manta da wanda sana'arsa ke nan ba, kuma duk tsarin da za a kafa na mayar da gora, in bai sa su a ciki ba, ya ƙwace musu abinci ne.

Sai batun hanyar da robar ke bi. Wani bincike na 2017 ya lissafa manyan koguna goma da aka ce su ke kai mafi yawan roba teku, har da kogin Neja da Nilu. Wani na 2021 ya gyara wannan hoto: koguna sama da 1,000 ne ke ɗauke da kashi 80 cikin 100, kuma waɗanda suka fi ɓarna ƙanana ne da ke ratsa birane masu cunkoso kusa da teku, irin Pasig na birnin Manila. Odaw irin wannan kogi ne. Ledar da aka yar a Kaduna ko Sakkwato ko Yamai tana da hanyar zuwa teku ta kogin Neja, amma tafiyar da nisa, akasari a hanya take maƙalewa, a gona, a gindin gada, ko a tumbin akuya inda mahauta ke tarar da ita a dunƙule. Ta Kano ma ba teku ta nufa ba, ruwan can tafkin Chadi yake fuskanta. Ta Nima kuwa, in ruwan sama ya sauka da ƙarfi, kafin gari ya waye ta isa. In ba ta isa ba ta toshe lambatu, kuma mutanen Accra ba su manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah suka kashe mutum kusan 150. Toshewar magudanai na cikin abin da ya sa ruwan ya rasa hanya. Ga mutumin Nima, tun kafin a yi maganar kunkurun teku, wannan magana ce ta ɗakinsa da 'ya'yansa.

Abin da zai rage kwararar tun daga sama, gwamnatoci ne ke riƙe da shi. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta gano tana toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas ta hana mazuban abinci na soso a Janairun 2024. A matakin duniya, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a watan Maris na 2022 za su tsara yarjejeniya mai ƙarfin doka kan roba. An zauna a birnin Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi ba matsaya, aka sake zama a Geneva a Agustan 2025 aka sake tashi haka. Inda aka cije shi ne ko a sa iyaka kan yawan robar da ake ƙerawa, ko a tsaya kan kwasa da sake sarrafawa kawai, kamar yadda ƙasashe masu arzikin man fetur ke so. Rigimar da na ji a raina sanye da waccan rigar a bakin Korle, ita ce dai ake yi a waɗannan zauruka.

Da muka dawo gida rana tsaka, ƙafafunmu baƙi ƙirin, Gwaggo ta miƙo mana ruwa a kofin silba ta ce, "To, an gama share tekun?" Ɗanta ya ce, "Ba a gama ba, Mma." Ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya yi shiru, can ya ce mini wata mai zuwa ba zai sa rigar kowa ba, littafi da biro zai tafi da su, kuma ba daga bakin teku za su fara ba. Ya nuna mini bayan gida da haɓarsa, inda lambatun ke gangarawa, cike da leda har baki, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.